Ranar da Ammi Ta Hau Bene

Jama'a, na san na bar ku kuna jira. Wasu sun turo suna cewa Shafqat ya cika nawa, labarin ma yadda yake tafiya haka yake ba da shi. Ban musa ba. Wanda sana'arsa zanen furanni a jikin manyan motoci, hannunsa ya saba jiran fenti ya bushe kafin ya ɗora wani. Ku ƙara haƙuri, yau har saman benenmu zan kai ku.

Ga wanda yanzu ya shigo: gidanmu yana wani lungu a Rawalpindi, bayan tashar Pirwadhai inda nake aiki. Ni da Ammi, mahaifiyata, muna ƙasa. Ɗakunan sama haya take ba da su tun bayan rasuwar Abbu, mahaifina, kuma tun da gwiwoyinta suka fara ciwo ba ta ƙara taka matakalar nan ba. Masu hayar yanzu su biyu ne, Marziya da kakarta da take kira Api, mu ma muka bi bakinta. Daga arewa suka zo, can cikin duwatsun Baltistan. Fuskarsu mai faɗi ce, kumatu jajaye, idanu sirara masu ɗan tashi ta gefe. Tun ranar da suka sauke kaya lungunmu ya raɗa musu suna: 'yan Caina. Yara suna bin Marziya da shi har bakin titi. Mai kayan miya yana faɗa yana murmushi, shi a ganinsa raha ce. Ammi ma haka take cewa, ba da mugunta ba. In ta yi miyar wake mai daɗi sai ta cika kwano ta ce in miƙa wa 'yan Cainan nan, tsohuwar ba ta da haƙori.

Marziya tana aiki a wani kamfani da ke amsa wayar mutanen Ingila. Wanda na'urar ɗumama ɗakinsa ta lalace a can, in ya buga waya, a nan take faɗowa, a kunnen Marziya. Motar kamfani tana ɗaukar ta bayan azahar. Turanci kam tana da shi tun daga makaranta, amma ta ce iri biyu ne. Akwai wanda ake rubutawa a ci jarrabawa, akwai kuma wanda in ka buɗe baki, tsohuwar da ke can ƙarshen wayar ba za ta ce a ba ta wani ba. Na biyun nan take bi. Kamfanin zai zaɓi wadda za ta riƙa koya wa sababbi sarrafa harshe, ita kuma ta sa a ranta ita za a zaɓa.

Tattabaruna a saman benen suke, shi ya sa kowace safiya nake hawa da gero. A nan na fara ganin kyandir ɗin. Rana ta fito tarwai, ita kuwa tana zaune a bayan tankin ruwa inda iska ba ta kaiwa, ta tanƙwashe ƙafa, gyale ruwan toka a kanta, da koriyar rigar sanyi wadda Api ta saƙa mata, gwiwar hannun har ta fara cinyewa. Ga kyandir a kunne daf da bakinta. Sai ta furta kalma ta dubi wutar, ta girgiza kai, ta sake.

Na daɗe ina gani kafin na tambaya. Ta ce Turawan nan in za su fara wasu kalmomi sai sun saki 'yar iska, kamar mai hura shayi, mu kuwa a bushe muke fitar da su. In harshen wutar bai rusuna ba, ba ta faɗa daidai ba ke nan. Akwai kuma wasu kalmomin da sai an zuro harshe tsakanin haƙora, don su take riƙe da wani fasasshen madubi. In za ta yi waɗannan sai ta juya mini baya, wai ba za ta yi wa mutum gwalo da safe ba. Na kasa jure ganin fasasshen madubin. Na samo na gefen mota a wurin aiki, na yi masa baki da katako, na zagaye shi da furanni ja da ɗorawa, na ajiye mata a kan tankin. Washegari na gan shi a cinyarta.

Ni ban yi nisa a makaranta ba, Turancin da na sani bai wuce wanda direbobi ke sa ni rubutawa a bayan mota ba. Amma na san aiki in na gan shi. Kalma ɗaya Marziya za ta kama tun ina watsa gero har tattabaru su ƙoshi su tashi su zaga gari su dawo. Za ta saurari muryar wata Baturiya a wayarta, ta maimaita, ta ɗauki tata muryar, ta saurara, ta ɓata fuska, ta goge. Na san fuskar nan. Ita ce fuskar Ustad Ghulam, maigidana, in yana jan layi a wuyan ɗawisu. Wata safiya ina wanke kaskon ruwan tattabaru na ji Baturiyar tana zuba bayani mai tsawo. Da na waiwaya sai na ga wayar a kife a kan tabarma. Marziya ce. Na tsaya da kasko a hannu ruwa yana zuba a takalmina.

A ranar na tambaye ta ko ihun yaran nan yana yi mata ciwo. Ta kashe kyandir ɗin da yatsu kafin ta amsa. Ta ce a wurin aikinsu, tun kafin a koya maka murya, sai an koya maka abin da za ka kira mutane. Akwai wata tsohuwar kalma da Turawa ke haɗa duk mutanen gabas a cikinta, yanzu an bar wa darduma da tangaran, ba a kiran mutum da ita. Ana cewa mutumin Asiya, in ka san ƙasarsa ka ambace ta ya fi, in ba ka sani ba ka tambaye shi.

"Ka ga abin dariya?" in ji ta. "A waya, in wani ya fusata ya gane daga inda nake, sai ya gutsure sunan ƙasarmu ya jefe ni da guntun. In na sauko daga motar kamfani kuma, 'yan ƙasar tawa su ce ni ba 'yar nan ba ce."

Na ce to ni me zan ce?

"Balti. In ya yi maka nauyi, Marziya ma ya isa. Caina ba zagi ba ne, mutane ne masu ƙasarsu. Ni ce dai ba ita ba."

Don in ga ƙarshen abin na ce in mutum zai kwatanta ta fa, ya halatta ya ce mai ƙananan idanu? Ta ɗaga kai ta ce daga inda take zaune tana hango tattabarata mai ɗingishi a kan hasumiyar masallaci, ni kuwa mai manyan idanu tun ɗazu nake neman ta. Na duba. Tana can kuwa.

Kowace babbar mota da muke yi wa ado sai mun zana idanun mace a bayanta, manya dara-dara, sun sha kwalli. Tun ina yaro haka nake zana su. Ban san lokacin da hannuna ya sauya ba, ya koma zana sirara irin na Marziya. Wani direba ne ya zo ɗaukar motarsa ya tambayi Ustad ko an ce masa Caina zai kai kaya. Ustad ya zagaya ya daɗe yana kallon idanun, ya ce wa direban in bai so a goge, amma shi bai taɓa ganin na yi zanen da ya kai wannan ba. Direban ya bar su. Da ya tafi Ustad ya ja kunnena a hankali ya ce, "Yaro, ka gaya wa uwarka, kafin motar nan ta gaya wa duk ƙasar."

Na gaya wa Ammi Marziya nake so, tana kwaɓa fulawar gurasa. Ba ta ɗago ba. Ta dai ci gaba da danna ƙullun da ƙarfin da ya fi na kullum. Washegari sai ga Khala Naseem, ƙanwarta, da jakarta mai sheƙi da gyale mai duwatsu. Khala tana da 'ya, kuma tun muna ƙanana take cewa da ni surukinta cikin wasa, wasan da ba ta taɓa yin dariya a ƙarshensa ba. Ta ce bari ta hau ta shanya wa Ammi wanki. Ba ta jima ba ta sauko tana haki, bokitin ma a can ta baro shi.

Abin da ta gani ta zayyana shi tana rantsuwa. Kyandir a kunne da rana tsaka. Madubi. Yarinya tana ƙus-ƙus da yaren da ba na mutane ba, tana zaro harshe, tana tofi, kuma saitin ɗakin tattabaru take tofawa, daidai inda nake tsayawa kullum.

"Baji, an gama da yaron nan," ta ce da Ammi, don haka take kiran yayarta. "Dubi yadda yake murmushi ana maganar halakarsa."

Na yi bayanin iskar Turawa. Khala ta ce ai wanda aka yi wa, shi ne mai kare wanda ya yi masa. Ammi ta tashi ta ɗebo busasshen jan barkono, ta zaunar da ni a tsakar gida, ta zagaya kaina da shi tana karatu, ta watsa a garwashi. In hayaƙin ya shaƙe mutane suka yi tari, lafiya lau. In bai shaƙe kowa ba, to akwai hannu a jikinka, barkonon ya shanye shi. Muka tsaya muna jira. Ba wanda ya yi tari. Na san barkonon daga tsohon buhun nan ne da ruwa ya daka bara, ko a miya ba ya yaji, amma da na dubi fuskar Ammi sai na haɗiye maganar. Tsoro take ji da gaske. Ni kaɗai gare ta.

Ta ce ranar Lahadi, da yarinyar ba ta zuwa aiki, za ta hau da ƙafarta. Yarinya ta warware abin da ta ƙulla, sannan su nemi wani gidan.

A nan sai na koma da ku baya kaɗan. Abbu direban babbar mota ne. Ina ƙarami motarsa ta faɗa kwari a hanyar arewa. Mutanen wani ƙauye ne suka sauka da igiya suka hauro da shi, suka yi masa wanka, suka sa masa likkafani, suka naɗe shi da bargon ulu saboda nisan hanya, suka sa shi a wata motar har Pindi, wato Rawalpindi, da ƙullin busassun 'ya'yan itatuwa wai a ba iyalinsa. Ammi ba ta taɓa ganinsu ba, ba ta san sunan ƙauyen ba. Amma ban taɓa jin ta sallame salla ba ta ce Allah ya saka wa mutanen da suka yi wa baban Shafqat wanka ba. Bargon yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, da ganyen darbejiya a tsakiya. Ruwan ƙasa ne, da baƙin layi a baki, da wani jan zare a kusurwa ɗaya. Irinsa sak na gani a cinyar Api tun farkon sanyi. Ban gaya wa Ammi ba. Ammi ba a gaya mata abu ta ɗauka, sai ta gani.

Ni karatun saƙo yana ɗaukar mini lokaci, don haka da murya muke yi da Marziya. Na tura mata labarin duka, na roƙe ta ranar Lahadi ta shanya bargon Api a igiya, inda ido zai fara sauka. Ba a jima ba amsa ta shigo.

"Shafqat, na ji, Allah ya ji ƙan Abbu. Amma ba zan shanya shi ba. Ba ni na sauka kwarin ba. In sai don mutanena sun yi mata alheri za ta kira sunana, to wadda mutanenta ba su taɓa yi wa kowa komai ba fa? Ita sai a ci gaba da bin ta da ihu? Bari ta hau. Zan gaishe ta, zan nuna mata kyandir ɗina."

Na saurari saƙon nan a bayan wata mota har fentin buroshina ya daskare. Ba da Turancin nan mai santsi take yi mini magana ba. Da Urdu take yi, yaren ƙasarmu, kuma Urdunta yana da ɗan nauyi a wasu wurare, kamar mai tafiya a kan duwatsu. Turawa su riƙe waccan muryar, ta wahala a kanta, ta cancanci su yaba. Wannan ce nake so a gidanmu. Can sai ga wani gajeren saƙo: ta ninke bargon ta ɗora a saman kabad, don kada ma in sa rai.

Lahadi da hantsi Ammi ta yafa farin mayafinta na zuwa ta'aziyya, ta naɗe carbi a hannu. Khala tana bayanta tana karanto duk abin da ta haddace. Ni kuma na ɗauko 'yar kujerar tsugunne na bi su. Duk inda numfashin Ammi ya tsaya sai in ajiye ta zauna. A kwanar matakalar ta dube ni, gumi a goshinta duk da sanyin.

"Kai ko haushi ba ka ji, puttar, ɗana? Zan je in kori wadda kake so, kana bi na da kujera."

Na ce gwiwarta ba ta yi mini laifin komai ba.

Ta yi tsaki, amma da za ta tashi hannuna ta kama, ba na Khala ba.

Muka tarar da Marziya a wurinta na kullum, cikin riga da wando masu ruwan bula da koriyar rigar sanyin nan, kyandir a kunne, madubi a gefe. Ba ta ɓoye komai ba. Ta miƙe ta yi sallama, ta matso ta sunkuyar da kai don Ammi ta ɗora mata hannu. Ammi ta ƙi fito da hannun daga cikin mayafi. Marziya ta ɗan jima a sunkuye, sannan ta ɗago, fuskarta ba ta sauya ba.

"Ke 'yar Caina," in ji Ammi, "me kike tofa wa ɗana?"

"Anti-ji, sunana Marziya. Ki zauna in nuna miki."

Na ajiye kujerar. Marziya ta durƙusa ta ɗaga kyandir ɗin saitin bakin Ammi ta ce ta ambaci sunan garinmu. Ammi ta harare ta, ta ga dai ba abin tsoro a sunan gari, ta ce Pindi. Wutar tana tsaye ƙyam. Marziya ta juyo da shi wajenta ta faɗi sunan yadda Bature zai faɗa, wutar ta rusuna ta miƙe. Khala ta ja da baya tana neman tsari. Aka sake, aka kuma. Ammi tana faɗa wuta ba ta kula ta, yarinya tana faɗa wuta tana gaishe ta. Ran Ammi ya ɓaci. Ta matso daf da kyandir ɗin ta sakar masa kalmar nan ta faɗa da take sakar mini in na shigo da fenti a sabuwar riga, kalmar da ke fita da fashewar leɓe. Wutar ta mutu murus.

Marziya ta toshe bakinta da gyale kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Wallahi Anti-ji, abin da nake nema ke nan tun damina. Su haka suke fara magana, kamar kullum shirin faɗa suke. Ke kuma a fushi ɗaya kin yi."

Na ga gefen bakin Ammi ya motsa ta danne shi. Khala ta ce zaro harshen fa? Marziya ta ɗauko madubin ta nuna, har ta sa Khala ta kusa gwadawa kafin ta tuna da me ta zo. Ammi kuwa ba harshen take kallo ba, furannin bakin madubin take kallo. Ta tambaya hannun wa ne wannan. Na mayar da hankali kan tattabaruna.

Ta koma jan carbinta. Da ta yi magana, muryarta ta sauka, kuma hakan ya fi ba ni tsoro. Ta ce ta yarda babu asiri. Amma in babu asiri abin ya fi nauyi, don da hankalina nake ke nan. Ta ce ita ba ta ƙi yarinyar ba, tana da ladabi, tana da ƙoƙari. Sai dai su ba irinmu ba ne. In dangi suka tambaye ta daga ina ta samo suruka mai wannan fuskar, me za ta ce?

Marziya ta buɗe baki za ta amsa sai ƙofar ɗakinsu ta yi ƙara. Api ce ta fito da tiren shayinsu na gishiri da man shanu, tana takawa a hankali, ta lulluɓe tun daga kafaɗa har ƙafa da bargon. Marziya ta juya ta yi mata magana da yarensu da sauri. Api ta mayar mata a taƙaice. Daga baya na ji fassarar: Api ta ce da sandarta ta zaƙulo shi daga saman kabad, kuma sanyi ba ruwansa da taurin kan jikarta.

Api ta sunkuya za ta ajiye tiren, bakin bargon ya sauka a gwiwar Ammi. Na ga yatsun Ammi sun saki carbin. Ta kama baƙin layin tana murza shi, ta bi shi har kusurwa, ta tarar da jan zaren. Ta tambaya a wace kasuwa aka saya. Marziya ta sunkuyar da kai ta ƙi fassarawa. Api ce ta gane da kanta, ta amsa da 'yar Urdunta mai tsalle-tsalle.

"Ba saye. Ni saƙa. Wajenmu kowa saƙa."

"Jan zaren fa?"

Api ta taɓa kanta. Ta ce don a san wajen kai, kada a juya shi ƙafa.

Ammi ta rufe ido. Ta ce, kamar da kanta take magana, ranar da aka sauke Abbu daga mota, jan zaren a wajen kansa yake.

Sai ta ba da labarin. Ban taɓa jin ta ba da shi daga farko har ƙarshe ba sai ranar. A nan Marziya ta fassara, a hankali, ba ta tsallake komai ba. Api ta zauna a ƙasa ta kama hannun Ammi da nata biyu, ta yi addu'a da yarensu, muka shafa. Khala Naseem ta zauna a bakin tanki, jakarta a cinya, hawaye yana wanke mata kwalli, don ita ma tana tsakar gidan ranar da aka kawo shi.

Marziya ta ce, "Anti-ji, wataƙila ba ƙauyenmu ba ne. Kwarin yana da tsawo, ƙauyuka suna da yawa. Kada ki ɗora mana alherin da ba mu muka yi ba."

"Ban ce ke kika yi ba. Fuskarsu nake tambaya. Irin taku ce?"

"Irin tamu ce."

Ammi ta dubi Api, ta dubi Marziya, ta daɗe tana dubawa kamar yau ta fara ganinsu.

"Shekara da shekaru ina yi musu addu'a," in ji ta, "a raina ina ganinsu da fuskar ƙannena." Ta share ido da bakin mayafi. "Yaya ake ce muku?"

"Balti."

Ammi ta maimaita, ta sake maimaitawa, kamar yadda Marziya ke yi da kalmominta. Sannan ta ce, ke kuma me kika ce sunanki? Marziya ta faɗa. Ammi ta fito da hannun nan daga cikin mayafi. Marziya ta sunkuya, hannun ya sauka a kanta, ya kuma daɗe a wurin.

Shayin gishirin kuwa, kurɓar farko Ammi ta yamutsa fuska ta ce wannan ai miya ce aka manta ba a sa albasa ba. Amma ta shanye, har Api ta ƙara mata. Da za mu sauka ba wanda ya tayar da maganar barin gida. Khala ta ɗauki bokitin da ta baro, ta riga mu sauka, ta wuce gidanta ba ta tsaya cin abinci ba. Na ji tausayinta, don ita ma 'yarta take nema wa wurin zama.

Washegari na dawo cin abincin rana daidai lokacin da motar kamfani ke tsayawa a bakin lungu. Na tarar da Ammi a ƙofar gida a kan 'yar kujerar, takalmi ɗaya a hannu. Marziya ta fito da jakarta, yaran suka taso kamar kullum. Na farkon bai gama buɗe baki ba Ammi ta nuna shi da takalmin ta ce sunanta Marziya, mutanenta Balti, wanda bakinsa ya kasa ɗauka ya zo ta gyara masa shi. Ta juya wajen mai kayan miya ta ce har da shi. Sannan ta ƙara da abin da ban zata ba: ko da 'yar Cainan ce ta gaske, uban wa ya ce a bi ta da ihu? Marziya ta ɗan tsaya da ta ji wannan, ba ta waiwayo ba, ta gyara gyalenta ta shiga mota.

Ina cin gurasa Ammi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in biya wajen mai kayan zaƙi in ce ya haɗa babban kwali, mai kyau, irin na zuwa neman aure, ba irin na zuwa duba mara lafiya ba. Ta ce kuma in nemo mata man zafi, don da alama matakalar nan ba ta gama da ita ba.

Ban san yadda na fita daga gidan ba. Ina tsaye a gaban shagon kayan zaƙi wayata ta yi ƙara. Marziya ce, ana jin ƙugin motar a bayan muryarta.

"Na ji abin da Anti-ji ta ce wa yaran, na ƙarshen nan ya fi mini komai. Na kuma san inda za a aike ka yanzu. Kafin ka sa a ɗaure kwali, Shafqat, ka yi tunani. Ka gaya wa motocin Pirwadhai, ka gaya wa Ustad, ka gaya wa Ammi. Akwai mutum ɗaya da ba ka taɓa tambaya ba. Gobe in ka hau, ka bar geron a ƙasa, ka bar kujerar. Ka zo da bakinka."

Mai shagon yana tambayata wane iri zai zuba, na ce ya dakata tukuna.

Da la'asar na hau benen. Api tana barci, tattabaru suna ta gurnani. A bayan tanki na tarar da guntun kyandir ɗin da ashana a kan madubin. Na zauna inda take zama, na tanƙwashe ƙafa, na kunna, na kawo shi daf da bakina don in gwada abin da zan faɗa mata. Ban ma furta komai ba tukuna, harshen wutar ya fara rawa.